Za a kai yaran Zango zuwa Ada su ga kunkurun teku: wa ya yarda, wa bai yarda ba?

Malama Rabi (Nima):
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Maganar da muka taɓo a taron iyaye ce na kawo nan, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma 'yan'uwa na nesa da ke cikin zauren. So muke a hutun Disamba mu kai 'yan aji biyar da na shida Ada Foah, wurin da kogin Volta ke faɗawa teku, a kwana ɗaya a dawo. Da la'asar a shiga kwalekwale a zaga bakin kogin, bayan isha'i kuma ma'aikatan kula da namun daji su raka mu gaɓa, ko Allah zai sa yara su ga macen kunkurun teku ta fito yin ƙwai. Yanzu ne lokacinsu, tun daga wajen Oktoba har Maris, amma sun fi fitowa tsakanin Nuwamba da Janairu.

Yaran nan a Akra aka haife su. Daga Nima zuwa bakin teku, in hanya babu cunkoso, ba a yin rabin awa. Amma da na tambayi aji me ke cikin teku, amsa uku na samu: kifi, gishiri, da Mami Wata. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, kada a ji nauyina.

Hajiya Asabe:
Wa alaikumus salam. Malama, tunda kin ce kada a ji nauyi, ni ban yarda ba. Teku, da dare, da yara talatin? Ɗan maƙwabciyata ranar yawon Sallah ya tafi, da rana tsaka, mutane cike da bakin ruwan. Ruwan iya gwiwarsa yake. Sai bayan kwana biyu aka same shi. Har yau uwarsa ba ta cin kifin teku. Ku nuna musu a talabijin mana, me ya yi zafi?

Maman Khalifa:
Allah ya jiƙansa. Hajiya, ni ma gabana ya faɗi da na ji an ce da dare.

Sani (Legon):
Allah ya gafarta masa, ya ba iyayensa haƙuri. Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma ni da nake karatun ilimin teku na fi ki tsoron ruwan nan. Gaɓar Gana mai gangare ce, igiyarta na da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo ke tattaruwa ya koma ciki ta wata siririyar hanya da gudu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido, babu farin kumfa, sai yaro ya ce bari in shiga nan. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi iyo ya dawo kai tsaye, gajiya ce ke kashe shi. Abin yi shi ne ya bar jikinsa ya yi ta yawo a sama, ko ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyar.

Amma kallon kunkuru ba a cikin ruwa ake yi ba. Uwar takan rarrafo ne har sama, inda yashi ya bushe, inda ruwa ba ya kaiwa ko ya cika, don in ruwan gishiri ya kwanta kan ƙwan sai ya lalace. Inda za a tsaya ke nan. Ba wanda zai jiƙa ko tafin ƙafa.

Hajiya Asabe:
Sani ɗana, kai ka san yaro? Ka ce masa tsaya nan, kafin ka juya ya kai can.

Abdulhadi (Kano):
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ruwan da na sani bai wuce Tiga da Challawa ba. Kunkurun nan da ake ta magana, irin na daji ne da muke gani, ko kififiya ce? Don ban ga abin da zai sa a ɗebi yara a yi tafiyar awa biyu a kansa ba.

Sani (Legon):
Yaya Abdulhadi, in ka gan shi ba za ka sake wannan tambayar ba. Iri uku ne ke yin ƙwai a gaɓarmu. Akwai ƙaramin, mai ƙoƙon baya ruwan ganyen zaitun, shi ya fi yawa a Ada, nauyinsa wajen kilo 35 zuwa 45. Akwai koren kunkuru mai cin ciyawar ƙarƙashin ruwa, shi ba a cika ganinsa ba. Sai babban, mai bayan fata. Wannan ba shi da ƙoƙo mai tauri, wata baƙar fata ce mai kauri da layuka bakwai daga wuya zuwa wutsiya. Tsawonsa kan kusa mita biyu, wani ya haura kilo 500, ya fi bijimin layya nauyi. Yana nutsewa fiye da mita 1,000, yana kuma ƙetare Tekun Atlantika daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ƙafafunsu duka faffaɗa ne na iyo, ba sa iya shigar da kai cikin ƙoƙo irin na kunkurun daji. Namiji tun daga ranar da ya shiga ruwa ba shi da abin da zai dawo yi a tudu. Mace ce kawai ke fitowa, kuma yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komowa bayan shekaru masu yawa.

Abdulhadi (Kano):
Ikon Allah. To na janye. Wa ya nuna mata hanyar gida?

Sani (Legon):
Bincike ya nuna suna jin maganaɗisun ƙasa, da shi suke gane wuri. Bari in ba ku yadda abin yake, don bara na yi aikin sa kai a wajen. Za ka fara ganin wani baƙin abu a bakin kumfa, ya tsaya, ya ɗaga kai. A wannan lokacin ko tari ka yi da ƙarfi, ko ka haska tocila, sai ta juya ta koma. In ta natsu sai ta fara jan jiki, tana yi tana hutawa, kana jin numfashinta daga nesa, fuuu, don nauyin da ruwa ke ɗauke mata yanzu duk yana kanta. In ta sami wuri sai ta share yashi da ƙafafun gaba, sannan ta koma haƙa da na baya. Nan ne abin kallo. Ba ta ganin ramin, yana bayanta, amma za ta zura ƙafar dama ta ɗebo yashi a hankali ta ajiye gefe, ta zura ta hagu, ɗaya bayan ɗaya, har ramin ya kai inda ƙafarta ta tsaya. Sai ƙwai su fara faɗowa bibbiyu, uku-uku, farare, zagayayyu, ɓawonsu da taushi shi ya sa ba sa fashewa. Ƙaramin irin kan zuba wajen 100 a rami guda. Sai ta fara zubawa ne ma'aikaci zai ce yara su matso ta baya, da jar fitila. Ta gama, ta rufe, ta dinga buga ƙirjinta a kan yashin har kana jin dim-dim a ƙafarka, ta watsa yashi ta ɓatar da sawu, ta koma. Ita da 'ya'yan har abada.

Kuma za su ga hawaye na zuba a idonta. Yara kan ce kuka take. Gishirin da ya yi mata yawa a jiki ne take fitarwa ta wajen ido.

Baba Ɗanlami (Ashaiman):
Yaro ya iya ba da labari. Ni na yi shekaru ina dako a kasuwar kifi ta Tema tun ba a haifi uwar wasunku ba. Ƙwan nan mun ci shi, naman ma mun ci. Ƙwan ko ka dafa shi yini guda farinsa ba ya daskarewa. Yanzu kuma an ce kallo za a je yi, har a biya kuɗi. Malam Hudu yana nan, ya gaya mana, abin teku ba halal ba ne?

Malam Hudu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, babu ja. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma hadisi ya zo cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Amma Baba, halaccin abu daban, ƙarar da shi daga doron ƙasa daban. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya ce dabbobi al'ummu ne irinmu. Wanda ya kwashe rami guda ya kwashe zuriya ɗari a tukunya ɗaya. Sannan dokar ƙasa ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu tun 1971, kuma hani ne da ke da maslaha a fili. Da yunwa ce ta kai mutum, da wata magana ce. Mu kuwa ga kifi nan a Tema.

Baba Ɗanlami (Ashaiman):
Kifin ma ina yake, Malam? Da can in watan Agusta ya kama, ƙananan kifin nan har rasa mai saye suke yi, mata su yi ta banda dare da rana. Yanzu kwalekwale ya kwana a ruwa ya dawo da leda rabin raga. Ba mu muka cinye kunkuru ba. Manyan jiragen da ke share ƙasan teku su za ku tambaya.

Sani (Legon):
Baba ya faɗi gaskiya a nan, ragar manyan jirage na kashe su da yawa, don numfashi suke yi da huhu, in raga ta riƙe su a ƙasa sai su mutu. Amma abin ya haɗu ne. A tudu karnuka da aladu na tone ramukan. Masu ɗibar yashin gini na kwashe gaɓar. Teku kuma na cin ƙasa: tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yashin da Volta ke kawowa ya ragu, ku dubi yadda ruwa ya cinye ƙauyen Fuveme a ɗaya ƙetaren, da abin da garin Keta ke fama da shi. Ko ba a taɓa su ba, ƙiyasin da masana ke yi shi ne cikin 'ya'ya 1,000 da wuya fiye da ɗaya ya girma. Mutanen Ada dai a al'adarsu ba sa cin kunkurun teku, wannan ya taimaka wajen sa wurin ya rage da albarka.

Malama Rabi (Nima):
Baba ya ambaci leda, to ga inda nake so mu je. Babban kwatarmu ta Nima da Mamobi ina take zuwa? Kogin Odaw take faɗawa, Odaw ya shiga tafkin Korle, Korle ya buɗe a teku. Duk ledar fiya wata da ta koko da yaranmu ke jefawa a kwata, ruwan sama na farko zai kai ta can. Sani, gaya musu abin da ka gaya mini kan maƙogwaron.

Sani (Legon):
Babban kunkurun nan abincinsa wata halitta ce mai laushi, fara garai, da ke yawo a ruwa tana buɗewa tana rufewa, wadda ake kira kifin jeli ko da yake ba kifi ba ce. Leda a cikin ruwa haka take a idonsa. Maƙogwaronsa kuma cike yake da wasu tsinaye masu kallon ciki, don abin da ya haɗiya mai santsi kada ya sulluɓe ya fito. To in ya haɗiyi leda ita ma ba ta fitowa. Sai ta toshe hanji, ya yi ta ramewa da cikakken ciki.

Malama Rabi (Nima):
Kun ji. Na yi wa'azin shara a aji har muryata ta dushe. Yaro zai ce to Malama, ya fita ya jefa. Ina ganin wanda ya tsuguna a bayan uwar nan ya ji numfashinta, hannunsa zai yi nauyi in ya zo jefawa. Talabijin ba ta yin wannan, Hajiya. Sun ga kunkuru a talabijin sau nawa?

Hajiya Asabe:
Malama, kin iya magana, shi ya sa muka ba ki yaranmu. Amma leda ba ta kai ran ɗana ba.

Maman Khalifa:
Ni kuma in za a je, a caje aljihun kowane yaro kafin a hau mota. Waccan tafiyar ta Prampram da aka kai su kan duwatsu, Khalifa ya dawo mini da katantanwa cike da aljihu. Na zuba su a kwano a kan firji. Cikin dare na ji ƙaras-ƙaras, na kunna fitila, sai ga katantanwa ɗaya ta fito da ƙafafu tana tafiya a bakin kwanon! Na yi salati har maigida ya farka. Khalifa ya ce abokinsa ne, ya zuba masa ruwan famfo da gishirin miya, ya ba shi tuwo. Kwana biyu ɗakin ya ɗauki wari, yaro ya yi ta kuka, har jana'iza suka yi masa a bayan gida.

Abdulhadi (Kano):
Hahaha, Allah ya shirya Khalifa. Dodon koɗi ne?

Sani (Legon):
Kaguwa ce, Yaya. Irin wadda bayanta ba shi da sulke, sai ta nemi gidan dodon koɗin teku da ya mutu ta shige da baya, ta toshe ƙofa da babban hannunta. In ta girma gidan ya matse ta sai ta nemi wani. Shi ya sa muke cewa ko katantanwar da babu kowa ciki a bar ta, wani na nemanta. Ruwan famfo kuwa da gishirin miya ba ruwan teku ba ne.

Amma Anti, ki tambayi Khalifa abin da ya gani ran nan, za ki sha mamaki. In ruwa ya janye yakan bar ƙananan tafkuna a cikin duwatsu. Yaro in ya zo da gudu ba ya ganin komai, sai ya ce babu komai. In ya tsuguna shiru na minti biyu, inuwarsa ba ta kan ruwan, sai wurin ya fara motsi. Abin da ya ɗauka fure ne sai ya ga ya kama ɗan jatan lande ya rufe. Abin da ya ɗauka dutse ne sai ya tashi ya yi iyo. Akwai baƙar bushiyar teku a cikin ramukan dutse, ƙayarta in ta shiga ƙafa karyewa take a ciki, don haka ba mai hawa dutse da silifas ko ƙafa ba takalmi.

Maman Khalifa:
Ai har yau bai daina ba mu labarin furen da ke cin nama ba.

Zulai (Maraɗi):
Ina biye da ku daga nan inda teku sai a taswira. Tambayata, wurin nan da kakanninmu ke ɗaura wa yara a wuya, masu duba kuma ke watsawa, shi ma a bakin tekunku ake tsintarsa?

Malam Bashir (malamin tarihi, Kumasi):
Malama Zulai, wuri ma gidan wata dabba ce mai rai, dangin dodon koɗi. Amma wanda aka yi kuɗi da shi a ƙasar Hausa ba daga tekun nan ya fito ba. Daga Tekun Indiya ne, mafi yawa tsibiran Maldif, daga baya aka ƙaro wani iri daga gaɓar Zanzibar. Wani ya biyo Sahara, mafi yawa kuma jiragen Turawa ne suka sauke shi a tashoshin gaɓar nan, ya hau arewa a kan jakuna da kawunan mutane. Lokacin da Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya ta azurfa. Malama Rabi, ki tafi da guda biyu a jaka ki nuna wa yara a bakin ruwan, su san kakanninsu da ba su taɓa ganin teku ba da abin teku suke sayen goro.

Usman (Bur Sudan):
Salamu alaikum 'yan'uwa, intanet ɗinmu sai a hankali, yanzu na karanta duka. Mu nan Bahar Maliya muke, kuma tekunmu ba irin naku ba ne. Babu babban kogi da ke zuba laka a ciki, saboda haka ruwan garau yake, kana cikin jirgi kana ganin ƙasa. Abin da yaranmu ke mamaki shi ne murjani. Kowa ya ɗauka dutse ne ko itace, alhali ƙananan dabbobi ne dubbai ke gina shi a hankali, suna zaune a kansa. Akwai Sanganeb a tsakiyar ruwa, mai hasumiyar fitila, da Dungonab can arewa, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A Dungonab akwai wata dabba mai kiwon ciyawa a ƙarƙashin ruwa tana shayar da ɗanta nono. Tun da yaƙi ya tashi a 2023 garin ya cika da waɗanda suka gudo, ba mai zancen yawon makaranta. Ku da Allah ya ba zaman lafiya ku kai su.

Malam Hudu:
Allah ya kawo muku ƙarshen fitinar nan, Malam Usman.

Hajiya Asabe:
Amin ya Rabbi.

Baba Ɗanlami (Ashaiman):
Dabbar da Usman ya faɗa ai ayu ce.

Sani (Legon):
'Yar'uwarta ce, Baba. Tamu ayun tana cikin Volta, tana cikin Neja da Binuwai, tana shiga ruwan gishiri ta dawo na daɗi. Ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wajen shekara guda, ta daɗe tana shayarwa kafin ta sake. To ku lissafa da yawan kwalaben man ayu da ake tallatawa a Facebook. Ko dai na jabu ne, ko kuwa ana gab da ƙarar da ita. Ba zan yi wa yara alkawarin ganin ayu a Ada ba, tana da kunya ƙwarai. Abin da za su gani tabbas a kwalekwale shi ne itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, da wani ɗan kifi mai idanu a ka wanda ke fitowa kan taɓo yana tsalle da ƙafafun gaba, da masu nutso suna fito da adode, wata halittar kogi mai ɓawo biyu da ake ci. Tulin ɓawon adode a Big Ada kaɗai abin kallo ne, ana niƙa shi a sa a abincin kaji, ana kuma yin farar ƙasa da shi.

Zulai (Maraɗi):
Maganar man ayu a bar ta nan, akwai maza a zauren.

Ibrahim (Agege):
Mu a Legas Bar Beach da aka kai mu muna yara yanzu babu ita, an cike wurin an gina Eko Atlantic. Ɗana bai san inda na fara ganin teku ba. Ni dai tambayata, ba za su ga kifin nan da ya haɗiye Annabi Yunusa ba?

Malam Hudu:
Alƙur'ani bai faɗi irinsa ba, kifi kawai ya ce, mu tsaya nan. Amma akwai hadisin rundunar Abu Ubaida a Bukhari da Muslim, su 300, yunwa ta kama su a bakin teku har suna cin ganye, sai teku ya jefo musu wata dabba da ake kira Anbar. Suka yi kwanaki suna ci, aka kafa haƙarƙarinta mutum ya wuce ta ƙarƙashi a kan raƙumi. In yaro ya tsaya gaban teku aka karanta masa wannan, zai fahimce shi fiye da a kan tabarma.

Sani (Legon):
Manyan dabbobin nan da Turawa ke kira whale na zuwa ruwanmu, masu doron nan, daga can ƙarshen kudu mai ƙanƙara suke tasowa su haihu a ruwan ɗumi. Amma wajen Agusta zuwa Nuwamba ne, a Disamba sun juya. Su ma ba kifaye ba ne, iska suke shaƙa ta saman kai, suna shayarwa.

Hajiya Asabe:
Duk na ji. Har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai riƙe hannun Abba a cikin duhu.

Malama Rabi (Nima):
To ga tsarin, Hajiya, ki gyara inda bai yi ba. Babba ɗaya, yara uku, kuma ya san sunayensu tun daga Nima. Ba za a fita gaba ɗaya ba, rukuni-rukuni ne, don ko ma'aikatan ba sa son taro a kan dabbar. Ba wanka, ko da rana. A kwalekwale kowa da rigar ruwa, in ba su da masu isar mu ba za mu hau ba, kuma cikin kogi za a tsaya, ba za a kusanci bakin da yake haɗuwa da teku ba. Ba tocila, ba hasken waya, ba hoto mai walƙiya.

Sani (Legon):
Maganar hasken ba don uwar kaɗai ba ce. Ƙwan kan yi kusan wata biyu a yashi, kuma zafin yashin ne ke yanke ko maza za a samu ko mata: in ya haura wajen digiri 29 mata sun fi yawa, in ya yi ƙasa maza. In sun ƙyanƙyashe da dare suke fitowa, kuma inda ya fi haske suke nufa, wanda a asali shi ne saman teku. In akwai fitila a tudu sai su juya mata, gari ya waye suna cikin ciyawa, hankaki da fararen kaguwan nan masu gudu su gama da su. In Allah ya sa muka tarar da masu fitowa, kada yaro ya ɗauka ya ce zai taimaka ya kai shi ruwa. A bar shi ya yi rarrafensa.

Abu ɗaya kuma ga iyaye: in yaro ya ga wata shuɗiyar ƙumburarriyar aba mai sheƙi a kan yashi da dogayen zare, kada ya taɓa. Tana harbi ko ta mutu. In tsautsayi ya sa, da ruwan teku ake wankewa, ba a murzawa.

Malam Bashir (malamin tarihi, Kumasi):
In kuna so ku biya Prampram a hanyar dawowa, ku duba kwanan wata na Musulunci. Ruwa ya fi janyewa sosai a farkon wata da kuma wajen 14 da 15, lokacin ne duwatsun ke fitowa. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini, kuma kullum yana ƙara jinkirin wajen minti 50. Sani ya duba jadawalin tashar Tema ya ba ku awa.

Maman Khalifa:
To in an je ba a ga kunkurun ba fa? Mu biya kuɗin mota da na kwana a banza?

Sani (Legon):
Yana iya faruwa, Anti. Ba gidan zu ba ne. Akwai daren da za a yi ta tafiya har sha biyu sai dai sawunta. Ku gaya wa yara haka tun a gida don kada a sha kuka a mota.

Baba Ɗanlami (Ashaiman):
In ba su gani ba ku kawo su Tema da asuba, in nuna musu abin da raga ke fitowa da shi, har mai hannu takwas ɗin nan da ke fesa tawada. Kyauta. Amma in Jamestown ko Chorkor za ku, kada ku je ranar Talata, masunta ba sa fita.

Hajiya Asabe:
Malama, sharaɗina biyu. Na ɗaya, da ni za a je, kuma Abba da 'yan biyun Hajiya Mariya suna hannuna. Na biyu, ni zan ja layi a yashi da sandata, duk yaron da ya tsallake shi an gama kallo, mota zai koma ko ɗan waye.

Malama Rabi (Nima):
Na karɓa duka biyun. Mun sami babba ta tara ke nan, saura ɗaya. Malam Hudu?

Malam Hudu:
Ku sa sunana. Amma a tashi da wuri, mu yi azahar a Kasseh kafin mu karya kwana.

Malama Rabi (Nima):
Madalla. Duk mai son ɗansa ya je ya aiko da suna da takardar amincewa kafin Alhamis, da takalmi mai rufi da rigar sanyi mai duhu. Ruwa a jarka za mu ɗauka, kowa ya zo da kofinsa.

Maman Khalifa:
A rubuta Khalifa. Wando marar aljihu zan sa masa.